Fasahar zamani a cikin aji: Dabarun da ke sa yaro ya koya da waɗanda ke tsayawa a kwalliya

A shekarar 2007 aka raba wa ɗaliban wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, kowane yaro da tasa. Shirin da ya kawo su wani malamin jami'ar MIT ta Amurka mai suna Nicholas Negroponte ne ya ƙaddamar da shi a 2005, da burin samar wa yaran ƙasashe matalauta kwamfutar tafi-da-gidanka a kan dala 100 kacal. Tunaninsa shi ne, da zarar na'urar ta shiga hannun yaro, sha'awa za ta ja shi ya koya wa kansa abubuwa da yawa, ko da malamin da ke gabansa bai ƙware ba.

Shirin bai yaɗu a Najeriya ba, amma ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ta rungume shi hannu bibbiyu, ta sayi kwamfutocin sama da 800,000. Daga baya masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bibiyi makarantun karkara 319, suka kwatanta waɗanda aka ba kwamfutocin da waɗanda ba a ba ba. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa na'urar sosai, har an ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani. Sai dai a lissafi da harshe, wato darussan da aka kashe kuɗin dominsu, babu wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu.

Wannan labari yana da muhimmanci a yau, domin kusan babu wata da zai wuce ba a ji wata gwamnati ko wata ƙungiya ta ba da sanarwar raba kwamfutoci ko gina "makarantar zamani" ba. Kuɗin da ake kashewa na jama'a ne, shekarun da yaro ke yi a firamare kuwa ba sa dawowa. Don haka ya dace a tambaya: wace dabara ce aka gwada aka ga ta yi aiki, kuma me ya sa ta yi?

Inda matsalar take

Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2022 tare da hukumomin UNESCO da UNICEF da wasu abokan hulɗa ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kusan yara tara cikin goma. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum, suna da suna a rajista, ana kuma ciyar da su gaba daga aji zuwa aji.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar aji huɗu a makarantar gwamnati ya san yadda abin ke faruwa. Malam yana rubutu a allo daga littafin aji huɗu, domin abin da jadawalin karatu ya ɗora masa ke nan, kuma a kansa mai duba makarantu zai tuhume shi. Yara biyar ko shida a layin gaba suna biye da shi. Sauran suna amsawa baki ɗaya idan ya ce "kun gane?", suna kwafe abin da ke allo kamar mai zanen hoto, alhali wasunsu ba su gama rarrabe "b" da "d" ba. Yaron da ya sha kashi a aji ɗaya, kowace shekara tazarar da ke tsakaninsa da littafin ƙaruwa take yi. Abin da ake kira rashin sha'awar karatu sau da yawa daga nan yake tasowa, domin babu wanda zai daɗe yana sauraron maganar da ba ya ganewa.

Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya, wanda Michael Kremer da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, ya fito da wannan a fili. An raba wa makarantu littattafan karatu kyauta, ana sa ran sakamakon jarrabawa zai tashi. Waɗanda suka amfana su ne ɗaliban da tun asali ke kan gaba. Littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma sun fi ƙarfin karatunsu. Idan littafi zai iya faɗawa cikin wannan rami, babu dalilin da zai hana kwamfuta faɗawa.

Koyar da yaro daga inda ya tsaya

Dabarar da ta fi samun shaidar nasara a 'yan shekarun nan ba ta buƙatar lantarki ko kaɗan. Ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda aka kafa a birnin Mumbai a tsakiyar shekarun 1990, ita ce ta ɓullo da ita, ana kuma kiranta koyarwa daidai da matakin ɗalibi.

Ga yadda take. Malam zai zauna da kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, ya miƙa masa takarda guda mai ɗauke da haruffa, da kalmomi, da ɗan sakin layi, da gajeren labari. Daga abin da yaron ya iya karantawa za a san matakinsa: ko bai san haruffa ba, ko ya san haruffa, ko yana karanta kalma, ko sakin layi, ko labari. Haka ake yi a lissafi, daga gane lambobi zuwa tarawa da ɗebewa da rabawa. Daga nan sai a ware wani lokaci a kowace rana, awa ɗaya ko biyu, a ajiye maganar aji nawa yaro yake, a haɗa shi da waɗanda matakinsu ya zo ɗaya. Ɗan aji biyar zai iya zama da ɗan aji uku, babu abin kunya a ciki.

A cikin wannan lokaci ba a zaman sauraron lacca. Yara suna zama a ƙasa cikin da'ira, suna rubutu da alli a daɓe, suna haɗa gaɓoɓi daga jadawali su gina kalma, suna ɗaure tsinke goma-goma da roba domin su ga da idonsu abin da ake nufi da gidan gomomi da gidan ɗaiɗai. Malam yana yawo a tsakaninsu. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya ci gaba a matsar da shi rukuni na gaba.

Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2019 tare da Kremer, sun shafe fiye da shekara goma suna gwada wannan dabara a jihohin Indiya daban-daban. Abin da ya fi jan hankali a bincikensu shi ne wuraren da ta gaza. Inda aka horar da malamai aka ba su kayan aiki aka bar su, sai suka koma bin jadawalin da suka saba. Inda aka keɓe lokaci na musamman a cikin ranar makaranta, aka kuma sa jami'an da ke ziyartar malamai suna taimaka musu, kamar yadda aka yi a jihar Haryana, sai aka ga ci gaba.

Ƙasar Zambiya ta soma amfani da dabarar a 2016. A Najeriya an gwada ta a jihar Borno, sannan a 2019 aka fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil na jihar Kano, inda aka riƙa koyar da karatun Hausa da lissafi ta wannan hanya ga 'yan manyan azuzuwan firamare.

Mai karatu da ya yi makarantar allo zai ga cewa ruhin abin ba baƙo ba ne a wurinsa. A can, malam yana biya wa kowane almajiri daga inda ya tsaya, kuma ba a wanke allo sai an tabbatar karatun ya zauna. Yara talatin na iya zama a zaure ɗaya kowa da karatunsa. Akwai abubuwan da za a iya kushewa a yadda ake tafiyar da wasu tsangayu, amma wannan ƙa'ida guda makarantar boko ta yi sakaci da ita, sai ga shi masana sun sake gano ta daga wata nahiya.

Maganar harshe ma a nan take shigowa. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci na tsawon shekara shida, ana koyar da Turanci a matsayin darasi. Rahoton gwajin ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, a wasu darussa ma sun fi su. A Arewa, shirin RANA a Katsina da Zamfara da shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa ga 'yan ƙananan azuzuwa. Hausa tana da wata falala a nan: mafi yawan abin da aka rubuta haka ake furta shi, don haka yaron da ya kama ba, bi, bu zai iya haɗa kalma cikin ƙanƙanin lokaci. Turanci ba haka yake ba, inda harafi ɗaya kan ɗauki sauti uku ko huɗu. Manufar gwamnati a kan harshen koyarwa ta sha sauyawa, muhawarar kuma ba ta ƙare ba, amma duk mai ƙera manhajar koyo da ya manta da harshen da yaro ke tunani da shi ya sake maimaita kuskuren littattafan Kenya.

Inda na'ura ta yi amfani

Wannan ba yana nufin kwamfuta ba ta da gurbi ba. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhaja mai suna Mindspark a kan ɗaliban ƙaramar sakandare 619 'yan gidajen talakawa, aka zaɓi rabinsu ta hanyar ƙuri'a suka riƙa zuwa wata cibiya bayan an tashi daga makaranta. Manhajar tana fara wa yaro da tambayoyi ne domin ta gano matakinsa na gaskiya. Idan ɗan aji bakwai ya nuna cewa lissafinsa na aji uku ne, daga aji uku za ta ɗauko shi. Tana kuma lura da irin kuskuren da yake maimaitawa, misali yaron da ke ɗaukan 3.27 ya fi 3.3 girma saboda 27 ta fi 3, sai ta kawo masa atisayen da zai warware wannan ruɗani takamaimai. A cikin wata huɗu da rabi, waɗanda suka halarci cibiyar sun yi wa sauran fintinkau a lissafi da harshen Hindi.

Bambancin wannan da na Peru a bayyane yake. A Peru an miƙa wa yaro na'ura aka sa ido. A Delhi na'urar tana yin wani aiki takamaimai da malami ɗaya ba zai iya yi wa yara sittin ba, wato bin kowannensu daga inda ya tsaya. Kuma rabin lokacin da yaran ke yi a cibiyar tare da malami suke yin sa a ƙananan rukunoni.

Wani gwaji a gundumar Kisumu ta Kenya ya yi tambayar da ta fi shafar masu tsara kasafin kuɗi: a hannun wa ya kamata a sa na'urar? An kasa makarantu gida uku, dukkansu suna bin sabon tsarin koyar da karatu iri ɗaya. A kashi na farko an ba ɗalibai na'urar karanta littattafai, a na biyu an ba malamai kwamfutar hannu, a na uku kuwa jami'an da ke zagaya makarantu suna horar da malamai kawai aka ba. Dukkan kashi ukun sun ci gaba, kuma ci gaban bai bambanta sosai ba, amma kuɗin da aka kashe ya bambanta ƙwarai, domin jami'i ɗaya yana kula da makarantu da dama. Da Kenya ta faɗaɗa shirin zuwa dukkan makarantun firamaren gwamnati a 2015 da sunan Tusome, hanya ta uku ta bi. Yara suka sami littafin takarda kowa da nasa, malamai suka sami jagorar darasi, jami'ai kuma suka sami kwamfutar hannu da ke nuna ajin da suka ziyarta da abin da suka gani.

A gida Najeriya, jihar Edo ta ƙaddamar da shirin EdoBEST a 2018 a zamanin Gwamna Godwin Obaseki, inda aka ba malaman firamare kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana dalla-dalla. Na'urar tana kuma nuna lokacin da malam ya iso makaranta da ko ya kammala darasin. Jihohin Legas da Kwara da Bayelsa sun ɗauki irin wannan tsari daga baya. Masu goyon bayansa suna cewa ya rage fashin malamai, ya kuma ba malamin da horonsa ya yi ƙaranci abin dogaro. Masu suka kuwa suna cewa yana mayar da malam mai karanta abin da wani ya rubuta, idonsa a kan na'ura maimakon fuskokin yara, kuma yana sa jiha ta dogara da kamfani mai zaman kansa. A ganina duka ɓangarorin suna da gaskiya. Rubutaccen darasi sanda ce ga wanda ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba, amma idan darasin na aji huɗu ne yaran kuma na aji ɗaya, tsara shi da kyau ba zai rufe tazarar ba.

Rediyo da ƙaramar waya

Fasahar da ta fi isa ƙauyukanmu tsohuwa ce. Tun a 1974 masana daga jami'ar Stanford suka fara koyar da lissafi ta rediyo a ƙasar Nikaragua, ta wata hanya da mai gabatarwa zai yi tambaya ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi domin yara su amsa da baki, ko su ƙirga da tsakuwa, malamin aji kuma yana kula da su. Da aka rufe makarantu a Najeriya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, rediyo da talabijin ne jihohi da dama suka koma wa, domin darasin intanet bai wuce gidajen masu hali ba.

A wannan lokacin ne wata ƙungiya a Botswana ta gwada wani abu a kan gidaje kimanin 4,500. Wasu an riƙa aika musu saƙon tes mai ɗauke da tambayoyin lissafi kowane mako. Wasu kuma an haɗa musu da kiran waya na kamar minti 15 zuwa 20, inda malami zai yi magana da yaron da mahaifinsa ko mahaifiyarsa a kan tambayoyin. Saƙon shi kaɗai bai haifar da wani sauyi mai ɗorewa ba. Kiran wayar ne ya ɗaga iya lissafin yaran, a kan kuɗi kaɗan, da irin wayar da ke aljihun kowane mai shayi.

Gwamnatin Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, ta ƙaddamar da dandalin koyo ta intanet mai suna Nigeria Learning Passport a watan Maris na 2022, mai ɗauke da darussa da Turanci da Hausa da Ibo da Yarabanci, kyauta ga kowa. Darussan kyauta ne, amma babbar waya da data da cajin batir ba kyauta ba ne, kuma a gidaje da yawa wayar a hannun maigida take yini.

Ƙirƙirarriyar basira

Sabon abin da ake magana a kansa yanzu shi ne manhajojin da ke hira da mutum. A tsakiyar 2024 Bankin Duniya ya yi wani gwaji na mako shida a birnin Benin, inda ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare kimanin 800 suka riƙa koyon Turanci bayan tashi daga makaranta da manhajar Copilot ta kamfanin Microsoft. Sakamakon ya nuna sun fi takwarorinsu da ba su shiga ba. Sai dai ya kamata a lura da yadda aka tsara shi. Ɗaliban biyu-biyu suke zama a ɗakin kwamfuta, malami ne ke buɗe zaman da umarnin da aka tanada, yana zagayawa yana jan hankalinsu ga cewa manhajar takan faɗi abin da ba daidai ba cikin cikakken ƙarfin gwiwa. Kuma 'yan sakandare ne da suka riga suka iya karatu. Ko a haka, katsewar lantarki da intanet sun sha kawo cikas.

Mu da aikinmu fassara ne muna ganin wani gefen abin kullum. Waɗannan manhajoji sun fi ƙwarewa a harsunan da rubutunsu ya yi yawa a intanet. Da Hausa sukan haɗa jimlar da kalmominta na Hausa ne amma ƙashin bayanta na Turanci, su rikita jinsin namiji da na mace, su zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Babba zai gane ya gyara. Yaron da ke koyon rubutu zai ɗauka haka harshen yake.

Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 a kan fasaha a fannin ilimi ya yi gargaɗin cewa ingantacciyar shaida a kan amfanin waɗannan kayayyaki ba ta da yawa, kuma kaso mai yawa na wadda ake da ita daga masu sayar da su take fitowa. Ya ce kayayyakin suna sauyawa kusan kowane wata 36, wato kafin a gama auna ɗaya an fito da wani. Ya kuma nuna cewa kashi 40 cikin 100 ne kawai na makarantun firamaren duniya ke da intanet.

Akwai kuma kuɗin da ba a faɗa a ranar bikin ƙaddamarwa. Na taɓa shiga wani ɗakin kwamfuta a wata makarantar sakandare, na tarar da na'urori kusan ashirin a lulluɓe da leda, ƙura ta yi musu rawani. Shugaban makarantar ya ce batiran sola ne suka mutu a shekara ta biyu, babu kuma wanda ya ware kuɗin sauya su. Makullin ɗakin a aljihunsa yake, domin idan wani abu ya ɓace shi za a tuhuma.

Iyaye da kwamitocin kula da makarantu suna iya yin gwajin Pratham da kansu ba tare da jiran kowa ba. A samu takarda, a rubuta haruffa goma, da kalmomi goma masu sauƙi, da jimloli huɗu, da gajeren labari irin na littafin aji biyu. A zaunar da yaro ɗan aji huɗu ko biyar cikin lumana, ba bulala ba tsawa, a ce ya karanta, a rubuta inda ya tsaya da kwanan wata. Idan makarantar ta sami sababbin kwamfutoci ko wani sabon shiri, bayan zango ɗaya a sake miƙa masa takardar.